Ranar da Na Auna Ragon Alhaji Mamman

Shekarar da aka sami 'yancin kai na sayo sikeli mai ƙugiya a Dutsin-Ma, irin wanda ake ratayewa, sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke cikinsa, ya miƙe allura ta faɗi nauyi. A kasuwar Kurfi kuwa kowa da mudu yake awon dawa, sai nake kallon 'yan'uwana 'yan hatsi kamar mutanen da.

Ana gobe jajiberin Babbar Sallah, gardama ta kaure tsakanin Alhaji Mamman, maƙwabcin rumfata, da wani mutumin Birchi kan ragon wa ya fi nauyi. Na gyara hula na ce, "Ku daina wahalar da bakinku, ƙarfe ba ya ƙarya."

Alhaji Mamman ya ce, "Malam, anya abin nan zai ɗauki rago?"

Na ce, "Alhaji, ko sa ne kawo shi."

A jikin sikelin an rubuta iyakarsa laba hamsin. Na gani, na ɗauka kunya ce irin ta maƙera.

Muka sa ragon Alhaji Mamman a buhu, ƙarti huɗu suka ɗaga, na maƙala ƙugiya. Ragon ya yi harbi ɗaya, sifirin ya zazzago kamar hanji, rago ya faɗo a ƙirjina ya bi ta kaina ya shige 'yan tukwane.

Da na tashi, allura ta kafe a laba talatin, alhali babu komai a ƙugiyar sai iska.

Na koma mudu. Amma har yau, iska na kaɗawa sai wani ya leƙo rumfata ya ce, "Malam, ta yau laba nawa ce?"