Ƙwan Inna a Cikin Kula

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na yi wa kazar surukata gata ba. Watana biyu da aure ke nan, an ɗauko ni daga Rijiyar Zaki zuwa wani ƙauye a bayan Gezawa, ina ta neman hanyar da zan nuna wa Inna, mahaifiyar maigidana, cewa 'yar birni ma ta san kan gida.

Sai ga dama ta samu. Inna za ta tafi suna Bagwai, kwana huɗu, ta bar mini amanar kazarta da ke kwanci a kan ƙwai goma sha biyu. A bayan randa take, kan yashi mai laima. "Amarya, ki dai riƙa zuba mata ruwa da tsaba," in ji ta. "Saura mako guda ta ƙyanƙyashe."

Washegari rana ta buɗe kamar za ta dafa mutum. Na leƙa na ga kaza baki buɗe tana haki, tausayi ya kama ni. Na ce wannan lungu ai zalunci ne (ni da ko ɗan tsako ban taɓa riƙewa ba). Na sure ta, ta tsattsage mini hannu, na kai ta ɗakina na kunna mata fanka mai caji. Da na taɓa ƙwan kuwa, zafi rau! Na ce yanzu 'ya'yan mutane za su dahu. Na sayi ƙanƙara wurin mai kawowa a babur, na jera ƙwan a sabuwar kular aurena su huce. Kullum haka, har da canjin ƙanƙara. Kaza tana ta ƙorafi tana neman hanyar fita, ni kuma ina cewa ba ta san gata ba.

Rana ta huɗu Inna ta dawo da ƙannenta biyu, wai su ga ɗakin amarya. Suka tarar da kaza a kan gadona, iska tana kaɗa ta kamar matar gwamna. Kafin in yi bayani, ɗaya daga cikin ƙannen, Gwaggo Asabe, ta jawo kula.

"Allah Ya yi miki albarka, 'yar nan, zoɓo kika haɗa mana?"

Ta buɗe. Ta dubi ƙwai, ta dube ni, ta ce, "Yaya, ashe a birni da ƙanƙara ake ƙyanƙyasa?"

Suka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Na so ƙasa ta tsage in shige. Inna ba ta yi dariya ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ta ɗauki ƙwai ɗaya mai sanyi ƙalau, ta jujjuya shi, ta ce, "Amarya, kina ganin don ado nake jiƙa yashin bayan randa? Sanyin da take so ke nan. Zafin kuwa na 'ya'yanta ne."

Ko ɗaya bai fashe ba, duk suka zama baragurbi. Kazar ta yi sati tana hararata (na rantse).

Yau shekara shida, kajina sun fi na Inna yawa, amma har yanzu in zafi ya tsananta sai ta ɗaga murya daga tsakar gida: "Amarya, ga mai ƙanƙara nan, ko kina da marasa lafiya?" Tun daga ranar na koyi cewa in na ga tsohuwa ta ajiye abu a lungu, in fara tambaya kafin in yi masa gata.