Opal Ta Cika a Ƙeyar Virgil

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ido ɗaya a kumbure, ni Delbert Sizemore nake sanar da rasuwar banjona, wato molon Turawa, mai suna Opal, wadda ta cika ranar Asabar a dandalin bikin kiɗan kwarinmu da ke gabashin Kentucky, a gaban jama'a, a kan ƙeyar mai gogenmu, Virgil Combs.

Marigayiya ta shigo hannuna ina saurayi, bindigar farautar mahaifina na bayar aka ba ni ita, na kuma sha dukan da ya dace. Ta yi gidan rediyo, ta yi coci ranar Lahadi, ta yi mashayar da ake kafa ragar waya tsakaninmu da masu jifa da kwalba. Duk yaron da ke kaɗa banjo a duwatsun nan, a faifanta ya koyi yatsa. Muryarta kamar ƙanƙara a kan rufin kwano. Ba ta da haƙuri, wannan kam ba zan yi mata ƙarya ba: ta taɓa zubar wa wani mahaƙin kwal haƙora, ko tsirkiya ba ta tsinke ba.

Ga yadda ajali ya zo. Makirufo ɗaya muke kewayewa, yadda muka gada: mai zangon kiɗa ya matso ya yi nasa shi kaɗai, ya ja baya, na gaba ya shigo. Shiga zangon wani cin fuska ne. Tun muna da baƙin gashi Virgil bai taɓa taka mini nawa ba, sai bana ya tsiri hali. Da na kai tsakiya sai ya kutso da goge ya danne ni. Na haɗiye, na sake haɗiyewa. Ranar Asabar ya kutso har sandar gogen ta tsokane mini ido. Na cire maɗauri, na kama Opal a wuya, na sauke masa ita da hannu biyu. Fatarta ta fashe, wuyanta ya karye, jininsa har kan takalman 'yan sahun gaba. Maganarta ta ƙarshe ita ce: ƙwararrang!

A ƙofar asibiti matarsa Darlene ta tare ni.

"Kai tsohon jaki! Tun bara yatsunka ke rawa, kowa ya ji sai kai. Asirinka yake rufawa kada yaran nan su yi maka dariya, shi ne ka fasa masa kai?"

Na ce ƙarya ne. Na ɗaga hannu zan rantse, hannun ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Marigayiya ta bar akwatinta, da faratan ƙarfen da nake kaɗa ta da su, da tsirkiya ɗaya mai rai, da tsoho wanda ba zai sake sayen wata ba.

Za a binne ta ranar Laraba bayan rumbun taba. Mai zuwa ya zo da wake da burodin masara, kada kowa ya kawo mini banjon ta'aziyya. Virgil ya aiko cewa zai zo, kai naɗe da bandeji, ya yi mata goge.

"Ku gaya wa ɗan banzan zan zo," in ji Virgil, "amma ya tsaya nesa da shebur."

Zan tsaya a bayansa, hula a hannu. Zangon duka nasa ne.