Takobin Baba Agali

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na tona asirin wani dattijo a ƙofar gidan kawuna ba, kuma abin haushin, a lokacin gani nake taimako nake yi.

Dawowata Dakoro ke nan daga Yamai, inda na yi 'yan shekaru a shagon wani mai sayar wa Nasara kayan da: takubba, sirdin raƙumi, tsofaffin akusa, zobban azurfa. A can na ga yadda ake ƙwanƙwasa ƙarfe a saurari kukansa, da yadda ake gane tsatsar da aka yi da gishiri. (Gaskiya mai shagon ne ya iya, ni shara da goge kaya ne aikina, amma wannan ban faɗa wa kowa a gida ba.) Na dawo da baƙin tabarau da jin kai. Duk wanda ya nuna mini tsohon abu sai in juya shi, in taɓe baki.

Ran nan Kawu Idi, ƙanen mahaifiyata, ya ce in fito za a yi gwanjon kayan Baba Agali. Baba Agali mutumin Azagor ne, ya zauna unguwarmu tun kafin in yi wayo, bayan fari ya cinye masa dabbobi. Matarsa Inna Tima ciwon ido ya ɗauke mata ɗaya, ya kama ɗayan, likita ya ce a hanzarta kai ta Maraɗi a yi mata aiki. Wannan kowa ya sani, har ni. Abin da na manta shi ne halin mutumin. Ko goro ka miƙa masa sai ya nemi abin da zai rama maka, sadaka kuwa gara ya kwana da yunwa.

An shimfiɗa tabarma, an jera butar shayi, zabira, wani tsohon linzami da takobi. Shi yana gefe a zaune, rawaninsa fes. Da Ɗan Ladi dillali ya ɗaga takobin sai tayi ya fara hawa. Mahauci ya taya, tela ya ƙara, liman ma ya sa baki. Har mai shayin bakin tasha, wanda na san tebur ɗinsa da dutse aka tokare shi, ya ce, "Jikka ashirin!" Na ce a raina, mutanen garinmu za su zubar da guminsu kan abin da ba su sani ba, ga ni kuwa a zaune.

Na ce a miƙo mini. Na zare shi daga kube, na ƙwanƙwasa da farce, na kara a kunne kamar wani boka. Sannan na miƙe tsaye.

"Jama'a, ku dakata. Wanga ba takobin da ba ne, ƙarhen mota ne aka buga. Irinshi a Yamai ko jikka ukku ba a saye."

Kawu Idi ya ja gefen rigata. (Ni a wautata na ɗauka so yake in ƙara bayani.) Sai na ƙara. Na nuna musu inda guduma ta bar tabo, na ce fatar kuben ma ba ta tsufa ba.

Ba wanda ya dube ni, kowa tabarma yake kallo. Baba Agali ya ja amawalinsa sama har ƙasan ido, ya tashi a hankali, ya miƙo hannu biyu. Na ba shi. Ya mayar da takobin kube.

"Yaron ya hwaɗi gaskiya," in ji shi. "Ɗan Ladi, na hwasa. Albarka."

Ya tattara har butar da linzamin, ya tafi, bai waiwayo ba.

Da muka shiga zaure sai Kawu ya juyo kaina.

"Kai kaɗai ne mai ido a Dakoro?" ya ce. "Wa bai san ƙarhen mota ba ne? Na gasken ya saida shi shekarar yunwa, ya sawo hatsi ya raba ma unguwa. Uwarka tana goyonka, da shi ta dama kunu. Wanga wani maƙeri a Sabon Maci ya buga mai, don kar ya riƙa yawo ba takobi kamar yaro. Mun shirya mu saye da tsada, ran Salla mu maida mai abinshi. Ya san mun sani, mun san ya sani. Abin da ya rage kar wani ya hwaɗa, sai ga ka."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kunya na ji, da baƙin ciki, irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi.

Washegari na je gidansa, ba tabarau. Ya shimfiɗa mini buzu, ya dafa shayi, ya tambayi lafiyar mahaifiyata. Na yi ta kame-kame, daga ƙarshe na ce ina son takobin, ko nawa ne.

"Albarka, ɗana," ya ce. "Kai ka san kaya. Ba ni son in cuce ka."

Bai sake fitar da komai kasuwa ba sai bayan kaka, da akuyarsa ta haihu. Kawu ya turo wani baƙo daga Ɗan Gulbi ya saye 'ya'yan da tsada, ba tare da Baba Agali ya san hannun wa ke ciki ba. A lokacin aka kai Inna Tima Maraɗi. Likita ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ce da an zo da wuri. Yanzu haske kawai take bambancewa da duhu. Da murya take gane ni, kuma duk na gaishe ta sai ta ce, "Ɗan Yamai ne? Allah shi yi ma albarka." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Har yau mutane suna kawo mini tsofaffin kaya in duba. Nakan juya abin, in ce Allah ya sa albarka, in miƙa. In kuwa na ga bakina yana ƙaiƙayi zai faɗi abin da na sani a cikin taro, sai in fara dubawa ko akwai wanda bai sani ba. Yawanci babu.