Ranar da Algaitar Kawu Ta Yi Kukan Jaki

Ba zan taɓa mantawa da yammacin bikin 'yar Alhaji Lawali a Magariya ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. Har gobe in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin ina sabon malamin lissafi a kolej ɗin Dungas. Ina da wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da na saya a hannun wani a Damagaram, kuma duk wanda wayarsa ta rikice a garin ni yake kawo wa. Tun ana ce mini Mushe, yadda ake kiran malaman boko a wurinmu, har aka koma Injiniya, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba (gaskiya ma in mutum ya ce Mushe kawai, sai in ji kamar ya rage mini wani abu).

Da ƙarshen shekara ya matso, sai direkta ya ɗora mini shirya wasan kwaikwayon da yara za su yi ranar rufe lakwal, wato makaranta. Labarin wani mai fasa-ƙwaurin esans ne, wato man fetur, da jakinsa ya tona masa asiri: yana laɓe a bayan geza, jakin ya ɓarke da kuka, motar 'yan duwan masu kama fasa-ƙwauri ta taho da jiniya, aka yi harbi sama. Yara suka ce za su yi duk ƙararrakin da baki. Na ce a'a, an wuce wannan zamanin, da na'ura za mu yi.

Na'urar kuwa ba tawa ba ce, ta Kawu Mutari ce, ƙanen mahaifiyata. Makaɗin biki ne, yana da irin piyanon nan da mu 'yan boko ke ce wa sinte, wadda ke iya kwaikwayon muryar kowane abin kiɗa. Masu irinta suna da yawa daga nan har tsallaken iyaka, amma in Kawu ya taɓa tasa ko daga bayan katanga za ka gane. Dalili, bai yarda da muryoyin da kamfani ya zuba mata ba. Shekara da shekaru ya yi yana duƙe kan ɗan gilashinta, yana latsa ƙananan maɓallai, har ya ƙera nasa: kalangu, sarewa, gurmi, kukuma. Wadda ya fi ji da ita ita ce algaita. Ya sha ba mu labarin yadda ya riƙa ɗaukar piyanon a babur zuwa Sassumbrum wurin wani Tsoho Garba mai algaita, tsohon ya busa, shi ya murɗa, tsohon ya girgiza kai, a sake, har ranar da tsohon ya yi dariya ya ce, "To, yanzu ka sace mini baki." Tsoho Garba ya rasu tun ina ɗalibi a lise, babbar sakandare.

Na je na same shi a ƙofar gida yana goge wayoyinsa. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, aron piyano na zo."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ari babur, ari babbar rigata. Wannan kam tukunyar gidana ce."

Nan na buɗe ordinatar na shiga wa'azi. Na nuna masa wani lojisiyel da na sauko da shi, wato shirin da ke sa ordinatar ta yi magana da piyano ta wata igiya da ake kira MIDI. Na ce shirin ɗaki biyu gare shi. Ɗaya maƙera ce, inda za ka ga murya a shimfiɗe ka ja ta, ka lanƙwasa ta da linzamin ordinatar, ba sai ka makance kan ɗan gilashi ba. Ɗayan kuma rumbu ne, inda ake kwashe duk muryoyin piyano a jera su a adana.

"Kawu, yau in wannan abu ya faɗo daga babur, ko wuta ta ƙone shi, ina muryoyinka?"

Ya tsaya da gugar. Na gane na taɓa inda ke masa ciwo, sai na ƙara matsawa. "Ni zan kwashe maka su tsaf in zuba a rumbu. Ko piyanon ta mutu, algaitar Tsoho Garba tana nan."

Wannan maganar ce ta sa ya yarda (ku riƙe ta, don ni ma ta riƙe ni). Ya naɗe piyanon cikin bargo da kansa, ya ɗaure mini a bayan kabu-kabu, ya ce, "Asabar ta sama ina da bikin gidan Alhaji Lawali. Ka dawo mini da ita yadda ka ɗauke ta, ɗan nan."

A Dungas na haɗa igiya, na latsa wurin karɓowa, sai ga muryoyin Kawu suna shigowa layi-layi, kowace da sunanta. Na adana su a fishiye guda, wato fayil, na raɗa masa suna KAWU da manyan baƙaƙe. Har nan na yi daidai, kuma ina roƙon a shaide ni.

Daga nan na shiga maƙera, daɗi ya kwashe ni. Ƙera murya daga tushe aiki ne mai wuya, ni kuma ga ƙyuya, sai na ga ai ga na Kawu nan a shirye. Na ɗauko algaita, na kumbura mata maƙogwaro, na sa ta riƙa hawa tana faɗowa, na ƙara mata gurnani a ƙarshe. Wallahi jaki sak. Na ɗauko sarewa na ja ta ta zama jiniya. Kalangu na datse masa wutsiya na cika shi da ƙara, ya koma harbin bindiga. Da hannu ya faɗa, har waɗanda wasan bai buƙata ba sai da na taɓa: gurmi ya zama kukan kwaɗi, kukuma ta zama ƙofa mai tsatsa. Ban sauya wa ko ɗaya suna ba, don a ganina ni na san wace ce wace.

Kuma duk sanda na gama ɗaya sai in latsa adanawa. A karon farko wani ɗan akwati ya fito yana tambayata wani abu. Ban karanta ba. Na latsa "eh" kamar yadda na saba latsa wa kowane akwati tun da na fara taɓa ordinatar. Tambayar kuwa ita ce ko na yarda a danne tsohon fishiyen da sabo. Da yatsana na zuba jakuna da kwaɗi a rumbun, a kan hatsin Kawu, ina fito.

Wasa ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Da jakin ya yi kuka iyayen yara har da riƙe ciki. Direkta ya kama hannuna da hannu biyu. Na koma gida ina jin Dungas ta yi mini kaɗan.

Ranar Asabar da safe na sake haɗa igiya, na buɗe fishiyen KAWU, na aika shi cikin piyano don muryoyin Kawu su koma gurbin waɗanda na zuba mata saboda wasan. Na leƙa ɗan gilashin: Algaita, Sarewa, Kalangu, Gurmi, kowa na gidansa. Piyanon ba ta da lasifika a jikinta, babbar lasifikar da muka ara don wasan, wato bafal, kuma an riga an mai da wa mai shi. Gidan mai bafal ɗin bai fi jifa biyu daga nawa ba. Ban je ba. Na tafi wurin tela jiran shaddata da bai gama wa aiki a wuya ba, don ba zan shiga bikin gidan Alhaji da tsohuwar riga ba. Shaddar ce ta cinye mini wuni.

Sai bayan la'asar na isa Magariya. An kafa rumfunan bashe, wato tamfol, gurup mai ba da wuta na ta ruri a bayan gida, mata sun cika kujeru, maza na gefe, rabinsu 'yan kasuwar iyaka abokan Alhaji. Kawu na tsaye a bakin titi yana leƙen hanya, gumi ya jiƙa masa hula.

"Haba ɗan nan! Haba!"

"Kawu, yi haƙuri, hanya ce." (Hanya ba ta yi mini komai ba.)

Ya haɗa wayoyi cikin sauri, ya taɓa murya ta farko, ta piyano zalla, wadda Allah ya sa ban taɓa ba. Ta fito garau. Ya kai hannu zai gwada sauran, ni da bakina na ce, "Kawu, ba sai ka gwada ba, komai na nan yadda ka bar shi. Mutane na jira."

Ya fara kiɗan share fage, wuri ya ɗauka, hankalinsa ya kwanta. Har ya ji daɗin da ya jawo mikro ya ce, "Jama'a, kun ga wancan saurayin mai sabuwar shadda? Ɗan yayata ne. Injiniya ne. Duk abin da ke cikin piyanon nan ya kwashe ya sa a ordinatar. Tashi su gan ka!"

Na tashi. Na ɗaga hannu. Har da juyawa ɓangaren 'yan mata, don kada a bar su a baya.

Ina zama aka ce ga amarya nan. Ƙawayenta suka fito da ita a hankali, fuska a lulluɓe, wata gwaggonta na gaba tana gyara murya za ta rangaɗa guɗa. Nan ne gurbin da aka san Kawu da shi, nan algaita ke shiga ta sa tsofaffi hawaye. Ya latsa lambarta, ya lumshe ido, ya sauke yatsu.

Jaki ya ɓarke da kuka ta manyan bafal guda biyu.

Guɗar ta maƙale a wuyan gwaggo. Kawu ya buɗe ido ya dubi yatsunsa, ya dubi gilashi, ya sake dannawa, jakin ya sake amsawa, wannan karon da siririyar murya don ya hau sama. Kafin kowa ya yi motsi, wani jakin amalanke da ke ɗaure a bakin lungu ya ji ɗan'uwansa, shi ma ya ɗauka. Kawu ya yi maza ya koma sarewa, jiniya ta tashi. Ya ruga kalangu, tau! tau! tau! Jiniya da harbi a taron 'yan kasuwar iyaka, ku ƙiyasta da kanku. Mata suka watse da kujeru, wata tsohuwa ta shige ƙarƙashin tebur tana salati, wasu baƙi da ba zan faɗi sana'arsu ba suka haura katangar Alhaji da manyan riguna. Amarya kaɗai ta tsaya cak a tsakar fili, ta ɗaga lulluɓi tana kallon Kawu.

Da aka gane ba 'yan duwan ba ne, piyano ce, dariya ta ɓarke, irin wadda mutum ke zama a ƙasa. Kawu bai yi dariya ba. Ya ce a mikro, a hankali, "Injiniya, zo ka duba."

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma na taso da jakar ordinatar a kafaɗa, ina cewa da ƙarfi don a ji, "Ƙaramin abu ne, yanzu zan mai da su." Na durƙusa a gaban jama'a, na haɗa igiya, na buɗe fishiyen KAWU, na sake aikawa. Na miƙe na ce, "Bismilla, Kawu."

Ya danna. Jaki.

A daidai lokacin na tuna da ɗan akwatin nan. Daga cikin mata wata ta ce, ba ta ko rage murya ba, "Wai shi ne injiniyan?"

Wasu makaɗan kalangu da suka zo roƙo suna raɓe a bakin ƙofa, su aka kira suka shigo da amarya. Kawu ya ƙarasa bikin da muryar piyano zalla, kansa a sunkuye. Ni kuwa na koma bayan gida kusa da gurup na zauna cikin hayaƙi, don can ne kawai ba mai zuwa.

Washegari na same shi a ɗakinsa, piyanon na gabansa a rufe. Na tsuguna daga bakin ƙofa.

"Kawu, babu su. Na danne su da hannuna."

"Har algaitar?"

"Har ita."

Na so ya zage ni, ko ya jefe ni da takalmi. Sai kawai ya ce, "Ashe Tsoho Garba sai jiya ya mutu."

Labari ya riga ni isa ko'ina. Aka fara ce masa Mutari mai jaki, wasu masu biki da suka riga suka yi magana da shi suka nemi wani makaɗin. Innata ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata sai da "uhm".

Duk hutun damina a ɗakin Kawu na yi shi. Ni a kan ordinatar, shi a kan piyano da kunnensa. Ya ce, "Ƙara mata hanci," in ja layi. Ya ce, "Ka cika, rage," in rage. Nan na gane ni maɓallai kawai na sani, ban taɓa sauraron kalangu da gaske ba. Kalangun ya dawo, gurmi ya dawo, sarewa ma ya ce ta fi ta da. Kowace muka gama sai in adana ta wuri uku, in sa kile ɗaya, 'yar ma'adanar nan da ake soka wa ordinatar, a aljihunsa, kuma sai mun danna mun ji da kunnenmu kafin in rufe. Algaita ce ta ƙi. Mun yi ta har gero ya fitar da kai. Ranar ƙarshe ya busa ta, ya saurara, ya ce, "Ta yi kusa. Bar ta haka, ɗan nan." Yana kaɗa ta a bukukuwa har yanzu, mutane na yabawa, amma ban ƙara ganin ya lumshe ido a kanta ba.

Abin da na koya? Abin da mutum ya ba ni amana, ba na wasa a kansa, sai in yi a kan kwafi. Sunan abu a gilashi ba shi ne abin ba, sai kunne ya shaida. Sannan in ina wurin taro wani ya ɗauki mikro ya fara yabona tun ba a kunna na'ura ba, ba na tashi in ɗaga hannu. Nakan sunkuya a hankali in nemi takalmana, in duba ta ina ƙofa take.