Kyamarar da Ta San Ubangidanta

Duk faɗin garin Pangyo, inda masu rubuta manhaja suka fi tururuwa yawa, babu kamar Injiniya Pyo Dong-sik. Shi da kansa ya faɗa, kuma wa ya fi shi sani? Abokan aiki suna ce masa Na-Madubi, don ko ƙofar gilashi ya gifta sai ya tsaya sun gaisa.

Wata takwas ya kwashe yana rubuta manhajar ɗaukar hoto da bidiyo. "Kyamarorin duniya makafi ne," in ji shi. "Tawa kuwa hankali gare ta. Ita ke zaɓar fuskar da ta fi daraja a ɗaki, ta juya ta bi ta." Koya wa manhaja sanin fuska sai da hotuna dubbai. Ragwaye sukan tara na jama'a. Injiniya bai ga dalilin zuwa nesa ba, ya ɗauki kansa hoto sau dubu goma sha biyu ya ɗura mata.

Ana nan sai ga bikin cika shekara na Ha-yun, 'yar ƙanwarsa Mi-ran. A al'adarsu, ranar ake jera wa jariri zare da alƙalami da sauran tarkace, abin da ya fara ɗauka shi ne rabonsa a duniya. Sau ɗaya ake yi. Mahaifiyar su Injiniya kuwa, wadda ta murza zaren da hannunta, tana kwance a tsibirin Jeju da karayar ƙugu. Bidiyon bikin kaɗai take jira.

"Yaya, ko in kira mai hoto saboda tsaro?" in ji Mi-ran.

"Mai hoto? Ina raye? Ke dai je ki ji da miyarki."

Har wayoyin baƙi ya bi da kwando ya karɓe, wai kada ƙananan kyamarori su sha kunya. Ya kafa tasa a kan sanda mai juyawa, ya koma gefe yana yi wa surukai lacca.

Ha-yun ta rarrafa ta cafki abinta, ɗaki ya kaure da tafi, Mi-ran har da hawaye.

Aka tura bidiyo Jeju. Minti arba'in cur! Ga Injiniya yana gyara gashi. Ga Injiniya yana cusa wainar shinkafa bibbiyu. Ga shi yana sakace a bayan labule. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Jaririya kuwa, bakin safarta kawai ya fito, shi ma don Injiniya ya gifta kusa da ita ne.

Tsohuwa ta bugo waya, rai a ɓace.

"Dong-sik, me jikata ta ɗauka?"

Injiniya ma bai gani ba. "Mama, ai ba nan take ba. Kin lura da kaifin hoton?"

"Na lura, ɗan nan. Laifina ne. A naka bikin ma ka tsallake zare da alƙalami, ka zaro madubi daga jakata. Mu kuma muka yi ta dariya. Ba ni ƙanwarka."