Tuwon da ya hana ni zuwa Jamus

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa kashe baƙuwa da tuwon shinkafa ba, kuma da kyakkyawar niyya.

Cocinmu na Katolika a nan Daura ɗan ƙarami ne, kowa ya san abin da kowa ya dafa jiya. Dayosis ɗinmu, wato yankin cocin da bishop ɗinmu yake kula da shi, yana da tsohuwar zumunta da wani dayosis a ƙasar Jamus, tun ina goye ake yinta. Su suka haƙa mana rijiyar burtsatse, su suka gina ɗan asibitin da mu da maƙwabtanmu Musulmi muke zuwa. In sun zo mana wannan karo, karo na gaba namu su je. A shekarar da nake ba ku labari sai aka ce kujera ɗaya ta Zumuntar Mata ce, kuma daga cocinmu za a ɗauka. Sunaye biyu ke yawo a bakin mutane, nawa da na Rifkatu.

Rifkatu ƙawata ce, kusan ƙanwa, ni na riƙe mata kai ranar aurenta. Amma tunda maganar jirgi ta shigo, ko dariya ta yi sai in ji kamar da ni take. (Ta iya Turanci, ni kuwa nawa ya tsaya a gaisuwa.)

Cikin baƙin da suka zo mana daga Jamus a shekarar akwai wata dattijuwa, Mama Helga, shugabar matansu, siririya kamar karan dawa. Aka tsara kullum ta ci abincin rana a gidan ɗaya daga cikinmu. Ranar Juma'a ta ci a gidan Rifkatu. Kafin yamma labari ya iso ni: wai sun yi hoto, wai ta riƙe hannunta, wai har ta ce mata "ɗiyata". Na yi tsaki. Ɗiyarta a ina? Shinkafa da wake fa kawai ta ba ta.

Asabar tawa ce. Na sa maigida ya yanka zabi, na yi miyar taushe wadda ƙamshinta ya leƙa har gida na uku. Maƙwabciyata Hajiya Indo ta ara mini kwanukanta na baƙi, tana cewa, "Maman Bitrus, ki fitar da unguwa kunya." Maza suka zauna a zaure da Fada, limamin cocinmu, mu kuma muna ciki. Rifkatu aka turo ta yi mana tafinta, abin da ya ƙara ɓata mini rai.

Na zuba wa Mama Helga tuwo. Ta ci, ta suɗe kwano tas. To kun san mu, baƙo ya bar kwano wayam ai zagi ne ga uwargida, yana nufin bai ƙoshi ba. Na ƙara mata. Ta dube ni, ta dubi tuwon, ta yi ajiyar zuciya, ta cinye. Na ce a raina, Allah sarki, ashe jiya yunwa aka bar baiwar Allah da ita. Na sake ƙarawa, har da cinyar zabo.

Ta ɗaga hannu ta ce, "Na gode, na gode," iyakar Hausarta ke nan. Wane baƙo ne ba ya cewa haka don kara? Na ɗora mata wata malmala.

Rifkatu ta matso ta raɗa mini, "Yaya, ki bar ta haka, ta ce ta ƙoshi."

Na ce, "A gidanki ta ƙoshi. Nan ci take yi."

Gumi na tsiyaya daga goshin matar nan, fuskarta ta yi ja, ni kuma ina ganin santi ne. Na rufe da fura mai kauri a kwarya. Ita ma sai da ta ga ƙasanta.

Ran Lahadi na riga kowa zuwa coci. Duk wadda ta shigo sai na tare ta: "Kin ji yadda Baturiya ta yi da tuwona? Ko loma ba ta rage ba." Na tabbatar matar katikis, malamin addinin cocinmu, ta ji, don in ta ji, Daura ta ji.

Aka idar da Mas, wato sujadarmu ta Lahadi, lokacin jawabin Mama Helga ya yi, kujerarta babu kowa. Fada ya tashi ya gyara murya. Ya ce mu sa ta a addu'a, tana kwance a asibiti tun jiya da yamma, ciki ya ɗaure. Ya ce ta taso lokacin yunwa a ƙasarsu, an hore ta cewa barin abinci a kwano raini ne ga wanda ya dafa, don haka duk abin da aka zuba mata sai ta cinye. "Ita tana cinyewa don girmama mai gida," in ji shi, "mai gida kuma tana ƙarawa."

Bai kama suna ba. Ba ya ma bukata, ni na riga na yi masa wannan aikin a ƙofar coci. Layin mata gaba ɗaya ya juyo. Matar katikis ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Na sunkuyar da kai ina duban tabarma, ina ji da ma ƙasa ta tsage.

Rifkatu ce ta tafi Jamus. Na raka ta tasha ina murmushi, na dawo gida na yi kukana a madafa.

Da ta dawo ta kawo mini tsaraba daga Mama Helga, an naɗe da takarda mai kyau. Na buɗe, sai ga wani ɗan faranti mai zanen furanni, ko rabin malmala ba zai ɗauka ba. Rifkatu ta ce, "Ta ce in gaya miki tuwonki ya fi na kowa daɗi, kuma in ta dawo a wannan za ki zuba mata."

Yanzu baƙo ya ce mini ya ƙoshi, na yarda da shi nan take, ko da kuwa loma biyu ya yi. Kishin ne dai bai gama sakina ba. Har yau in na ga Rifkatu ta shigo coci da rigar sanyinta ta Jamus cikin zafin Daura, addu'ata ɗaya ce: Allah ya ƙaro rana.