Ranar da Na Wanke wa Bature Lambobin Yaƙi

Ba zan taɓa mantawa da makon da ƙwazo ya kusa cinye mini aiki a Doha ba. Ni ke share ofishin wani Bature a hawa na talatin a unguwar West Bay, kwantiragina saura kwana goma ya ƙare, sabuntawar kuma a hannunsa take. Sai na ce bari in burge shi.

Mutumin yana tara lambobin yabo na sojojin dokin Ingila, waɗanda aka ba su don sun je Sudan da Indiya sun tattake masu ƙasa. (Ikon Allah, su aka rataya wa azurfa, mu kuma aka bar mana kaɗe mata ƙura.) Suna jere cikin akwatin gilashi, sun yi baƙi ƙirin, ƙyallayensu sun koɗe kamar tsumma. Har tausayinsa nake ji, ga arziki amma ba mai kula masa da kaya.

Ni kuwa a barikin 'yan sanda na tashi, inda in maɓallin rigar babanmu bai ɗauki ido ba, ranar kowa ya shiga uku. Da Baturen ya yi tafiya ya bar makullin akwatin a aljihun tebur, na kwaso lambobi huɗu. Na haɗa lemun tsami da soson ƙarfe da tokar wani mai gasa nama a unguwar Muntazah, na murje su tas. Wani ɗan rubutu a gefen kowace ma sai da na mayar da shi sumul. Tsofaffin ƙyallayen na zubar, tela ya ɗinka mini sababbi kore shar.

Da ya dawo ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya sake juya ta. Na ɗauka daɗi ne ya kama shi, na ce, "Oga, sauran takwas ɗin sai gobe in sha Allahu."

Ya nemi kujera ya zauna. A hankali ya bayyana mini cewa baƙin nan fiye da shekara ɗari ya yi yana taruwa, shi masu saye ke nema. Rubutun kuma sunan sojan ne, in babu shi lambar ta zama ƙarfen banza. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige, amma ina, tana can hawa talatin a ƙasa.

Ya sa hannu a kwantiragin, bisa sharaɗin in koma share wurin ajiye motoci, khalas, shi ke nan. Yanzu in na ga datti a wajen mai kuɗi, sai na gaida dattin da ladabi na tambayi shekarunsa kafin in taɓa.